Ɗakin Baya a Gidan Gajiyayyu

Baffa yayan mahaifina ne. Da shanunsa na san shi, a wata ruga da ke gefen Gwiwa, dogon mutum mai ƙarancin magana. Farin da aka yi bayan yaƙin basasa shi ya cinye garken. Ɗansa tilo ya shiga soja bai dawo ba, matarsa ta rasu, sannan idanunsa suka fara rufewa har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Mahaifina ya riga shi rasuwa, saboda haka a dangi na kusa ni kaɗai na rage masa.

Lokacin ina aure a Kazaure. Mijina, Malam, tela ne, muna haya a ɗaki biyu da yaranmu ƙanana. Na je na ɗauko Baffa, Malam kuma bai nuna damuwa ba, shi da kansa ya share masa ɗaki. Amma Bafulatanin da ya tsufa da kunyarsa ba ya iya sakewa a gidan suruki. In Malam yana gida, Baffa ba ya cin abinci, ba ya fitowa tsakar gida, ko tari sai ya danne. Wata safiya ya ce mini ya ji labarin gidan gajiyayyu a wani gari da ke kan hanyar Roni, yana so a kai shi. Na yi kuka, na roƙe shi, na ce mutane za su zage ni. Ya ce a can zai zauna cikin tsararrakinsa, ya ci abinci ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Haka na raka shi a bayan akori-kura, da buzunsa da butarsa da sandarsa.

Gidan ya girmi mulkin kai. Ɗakunan ƙasa ne a jere, da rijiya da bishiyar tsamiya a tsakiya, ba ƙyaure a bakin zaure. Mutanen gari ne suke riƙe da shi. Da kaka manoma su kai dammunan gero da dawa, ranar kasuwa mahauta su aika da ɗan abin da ya samu, matan unguwanni kuma suna karɓa-karɓar girki. Ba daɗi ake ji ba, sau da yawa miyar kuka ce ba mai ba nama. Amma kullum sai wani daga waje ya shiga gidan, in tsoho ya kwana da zazzaɓi kafin azahar gari ya sani. Ranar kasuwa nake zuwa, in kai wa Baffa fura da goro, in wanke masa kaya a bakin rijiya, muna hira da wata tsohuwa da kowa yake kira Iya. Daga wajen Babura ta fito, ta yi shekaru tana sayar da daddawa a bakin iyaka, kuma ita ce mai bakin gidan. Ita take tsokanar Baffa tana ce masa angonta, shi kuma ya kau da kai yana murmushi.

Sai kuɗin fetur suka shigo. A shekarun nan kullum da sabon abu: an canja kuɗi, an fara zuba kwalta, rediyo ta yawaita. Wata rana aka tara mutanen garin aka gaya musu cewa daga yanzu gidan gajiyayyu ya koma hannun wani ofishi, an ware masa kuɗi, an kuma ba wani Alhaji kwangilar gyara shi da ciyar da tsofaffin. Aka gode wa mata, aka ce su huta, domin abincin da za a riƙa bayarwa na tsari ne, ba a son a haɗa shi da na waje. Aka yi rufin kwano, aka shafa fenti, aka kawo gadajen ƙarfe. Aka sa ƙyaure da maigadi, aka ce ziyara sai ranar Juma'a. Aka naɗa sarkin gida, wani dattijo mai sanyin murya, aka ɗauki mai dafa abinci.

Na yi murna kamar kowa. Murnata ma ta fi ta wasu, domin Alhajin nan shi ne yake ba Malam yawancin aikin da muke ci da shi, ɗinkin kayan 'yan makaranta, yanzu kuma ya ƙara masa da zannuwan gado na gidan.

Da damina ta faɗi na fara lura da hannun Baffa. In na kama shi zan zaunar da shi, sai in ji yatsuna sun zagaye tsintsiyar hannun har sun haɗe. Na tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce alhamdu lillahi. Na tambaye shi ina Iya, ya ce tana ɗaki. A zaure ake fito mana da su, ba a bari mu wuce ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne furar. Da can a gabana yake shanye ta, yanzu sai ya rufe ƙwaryar ya tura ta bayansa, ya ce sai an jima.

Wata Juma'a aka yi ruwa mai ƙarfi, maigadi ya fake a shagon da ke tsallaken hanya, zaure ya rage daga ni sai Baffa. Na matsa kusa da shi na ce, "Baffa, ku gaya mini gaskiya, wa kuke kai wa furar nan?"

Ya laluba bayansa. Sannan ya miƙa mini ƙwaryar, ya dafa bango ya tashi, ya ce in biyo shi kada in yi magana.

Da hannu yake bin katanga, ni ina bayansa, ruwa yana dukanmu. Muka wuce ɗakunan da aka shafa wa fenti, muka zagaya bayan madafa, inda murhu yake a jiƙe babu alamar an hura wuta ranar. Can ƙurya akwai wani tsohon ɗaki da gyaran bai kai kansa ba. Tun kafin mu isa warin ya tare ni. Na tura ƙofa. Iya tana kwance a kan tabarma a ƙasa, ta koma kamar yarinya don ƙanƙanta. Ruwa yana ɗiga daga rufi kusa da kanta. A ɗaya gefen akwai wani tsoho da ya juya fuska ga bango, numfashinsa kawai ake ji.

Ba ta gane ni ba da farko. Abin da ta fara cewa shi ne in ba ta ruwa. Na tallafo kanta na ba ta fura, tana haɗiya da ƙyar. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa ya gaya mini cewa santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya tun farkon damina, ƙashin ƙugunta ya karye. An ce za a kawo mota a kai ta asibiti, motar ba ta zo ba. Da ta fara ɓata shimfiɗa sai aka ɗauke ta daga gadon ƙarfe aka kawo ta nan, don kada sababbin katifu su lalace. Da na ɗaga zanenta zan gyara mata, na ga bayanta duk gyambo, har da tsutsa a ɗaya. Na fita waje na yi amai, na dawo na ja ruwa a rijiya na wanke ta iya yadda zan iya. Ko da nake juya ta tana cije leɓe, ba ta yi ƙara ba.

A nan sarkin gida ya same ni. Na zaci zai yi faɗa, sai ya shiga yi mini bayani. Ya ce mai dafa abinci ta daɗe da tafiya don ba a ba ta haƙƙinta, matarsa ce take ɗan dafa abin da ya samu. Ya ce kayan abinci sukan zo ne in an ga dama, na ƙarshe ma garin kwaki ne, wanda cikin tsofaffin ba ya ɗauka. Ya ce ya je gidan Alhaji ba sau ɗaya ba, a ce masa ya yi haƙuri kuɗi ba su sauko daga sama ba. Ya roƙe ni don Allah in fita kafin maigadi ya dawo, in kuma rufa masa asiri, yana da iyali.

Da na isa gida na jira Malam ya gama cin abinci, sannan na gaya masa duka. Ya ce zai je ya ga Alhaji, wataƙila bai san abin ya kai haka ba. Ya je, ya dawo da goro a aljihu da fuska a ɗaure. Alhaji ya saurare shi da fara'a, ya ce tsofaffi ba sa rabo da ƙorafi, mata kuma ba sa rabo da ƙari, za a duba. Da zai sallame shi sai ya tambaye shi ko aikin ɗinkin ya yi masa yawa ne, domin akwai teloli a Kano da suke nema.

Juma'ar da ta biyo baya maigadi ya tare ni a ƙofa. Ya ce an ba shi umarni kada in shiga, kuma ba za a fito mini da Baffa ba. Na tsaya a rana da ƙwaryata ina jin mutane suna wucewa suna kallona. Daga nan ban koma tasha ba, na nufi gidan wata dattijuwa da a da ita take raba wa matan unguwanni ranakun girki. Inna muke ce mata. Na tarar da ita tana tsince wake. Ina ba ta labari tana ci gaba da aikinta, sai da na zo kan bayan Iya ta ajiye faifan. Ta ce sun ga hayaƙi ya daina tashi a gidan, sun yi maganar a tsakaninsu, amma an ce abin gwamnati ne, wa zai sa baki.

Ruwa ya zubar da wani ɓangare na katangar baya, an toshe da ƙaya. Ta nan matan suka fara miƙa kunu da tuwo, matar sarkin gida tana karɓa a ɓoye. Ni ma ta nan nake ganin Baffa, ina tsugune cikin gonar dawar wani, muna magana ƙasa-ƙasa ta tsakanin ƙaya. Kowane zuwa sai na ji kamar za a dafa ni ta baya. Na ce masa ya zo in mayar da shi Kazaure, ya ce in ya tafi wa zai riƙa kai wa na ɗakin baya ruwa. Inna ta kai magana wurin mai unguwa, ya ce zai isar, muka jira, shiru.

Ana cikin haka Alhaji ya aiko wa Malam da bandir na farin yadi, ya ce a ɗinka wa tsofaffin riguna da gaggawa, manyan baƙi za su zo daga Kano su ga gyaran da aka yi. A tsakar gidanmu aka ɗinka su. Malam yana taka keke, ni ina sa maɓalli. Ranar da ya gama ya ninke su, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, ya san zan je, ba zai hana ni ba, amma in tuna da yaran nan.

Ranar zuwan baƙi an buɗe ƙyaure ga kowa. An share gidan, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sababbin tabarmi a gindin tsamiya. Tsofaffin suna zaune a jere cikin fararen riguna, ƙamshin shinkafa da nama yana tashi daga madafa, wasunsu sai juya kai suke yi wajen. Na shiga cikin matan gari na tsaya kusa da Inna. Na saci jiki na leƙa bayan madafa, na ga an sa wa ɗakin baya sabon kwaɗo, an jingina buhuna a jikin ƙofar. Na dawo kusa da Inna. Alhaji ya hango ni, ya tsayar da ido a kaina, sannan ya juya ya ci gaba da gaisawa da mutane.

Baƙin suka iso cikin motoci. Babbansu wani mutum ne mai tabarau, tare da shi akwai wata Sista cikin fararen kaya, Kirista ce daga wajen Jos, Hausarta tana da ɗan karkata. Aka yi jawabai, aka zagaya da su ɗakunan fenti, suka taɓa katifu, suka leƙa tukunya. Ni dai ina ta shirya magana a bakina tana wargajewa. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba, kuma Malam yana tsaye can cikin taron. Da suka dawo gindin tsamiya, mai tabarau ya tambayi tsofaffin ko akwai mai wata damuwa. Ba wanda ya motsa. Ya sake tambaya yana duba agogo, ya fara juyawa.

Sai na ji ƙarar sandar Baffa a ƙasa. Ya miƙe a hankali, rigar ta yi masa yawa, ya fuskanci inda ya ji muryar.

"Ranka ya daɗe, ni makaho ne, da murya nake sanin mutane. Akwai biyu daga cikinmu da ban ji muryarsu a nan ba."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai waɗannan an kai su asibiti tuni, tsohon ya manta ne. Sarkin gida ya sunkuyar da kai.

"Da safen nan na miƙa musu ruwa ta taga," in ji Baffa. "In an yarda, a biyo ni."

Bai jira a yarda ba. Ya lalubi bango ya fara tafiya. Wani daga cikin yaran Alhaji ya matso zai riƙe shi, sai na ga kaina a tsakaninsu, na kama hannun Baffa. Ban san lokacin da na fito daga cikin mata ba. Sista ce ta fara biyo mu, sannan mai tabarau, sannan taron duka. A bakin ƙofar Alhaji ya ce ɗakin ajiya ne, mabuɗin yana wurin wani da ya yi tafiya. Na ga alamar mai tabarau yana so a bar maganar. Sista ta kara kunnenta a jikin ƙofa, ta ɗago, ta ce ita ba za ta shiga mota ba sai an buɗe. Inna ta juya ta shiga madafa, ta fito da taɓarya, ta miƙa wa wani maƙeri da ke cikin taron. Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya ɗaga masa kai. Ya doki kwaɗon har ya ɓalle.

Waɗanda suke gaba suka ja da baya suna toshe hanci. Sista ta shiga, na bi ta. Iya tana da rai, tsohon ma haka. Muka naɗe su cikin sababbin zannuwan gadon nan, aka sa su a motar baƙi aka nufi asibiti. Da muka fito na nemi Alhaji a cikin taron ban gan shi ba.

Tsohon ya farfaɗo. Iya ba ta tashi ba. Na riƙa zuwa ina zama da ita, an wanke ta, an sa mata magani, tana kan gado mai tsabta. Wani lokaci hankalinta yakan dawo har ta tambaye ni angonta. Kafin a fara girbi ta rasu, ba a samu wani nata ba, mu muka yi mata sutura.

Aka kafa kwamitin bincike, aka kira ni, Malam ya raka ni har ƙofa ya zauna a waje. Na faɗi abin da na gani. Aka tambaye ni ta ina na shiga ɗakin alhali an hana, da ko akwai wata rigima tsakanin mijina da Alhaji. Alhaji ya ce kuɗi ne ba sa fitowa a kan lokaci. Mutanen ofis suka ce sun bayar. Aka yi ta juya maganar, ba wanda ya nuna mana inda ta tsaya. Da aka zo kan wanda ya sa kwaɗo, sarkin gida ya ce shi ya sa da hannunsa. Aka tambaye shi wa ya umarce shi, ya yi shiru. Shi aka kora, shi da maigadi. Alhaji an karɓe kwangilar abincin daga hannunsa, ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma ba a daɗe ba muka ji yana gina kwalbatoci a wata hanya.

An dai canja tsarin. Aka cire dokar Juma'a, ƙyaure ya zauna a buɗe. Ofis ya koma sayen hatsi da kansa, a sauke shi da rana a gaban mai unguwa da liman. Girki ya koma hannun matan gari, aka kuma sa Inna cikin masu sa ido. Sista takan zo duba tsofaffin lokaci-lokaci. Wani sa'in hatsin yakan makara, amma yanzu in ya makara gari yana sani, a rufa kafin ya zo.

Mu kuwa aiki ya yanke mana. Malam ya koma ɗora kekensa a mota yana bin kasuwanni, Babura da Roni da ƙauyuka, yana facin tsofaffin riguna. Shekarar ta yi mana tsanani, na fara yin ƙuli-ƙuli ina sayarwa. Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma ce na kyauta ba. Abin da na sani shi ne, ranar da kasuwa ta kai shi wajen, yakan biya ya gai da Baffa, su zauna a gindin tsamiya kowa yana kallon gefe. Baffa ya zauna a gidan har ƙarshen ransa. Ya rasu da rani, bayan gajeriyar rashin lafiya, ina riƙe da kansa.

Bayan wasu shekaru ina jiran mota a tashar Roni, wani mai sayar da itace ya sauke kayansa ya gaishe ni. Sai da ya yi magana na gane sarkin gida ne, ya tsufa ƙwarai. Muka gaisa, na tambayi iyalinsa, ya ce matar ta rasu. Ya tambaye ni Baffa, na gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya haɗa da Iya, na shafa tare da shi. Na so in tambaye shi abin da ya hana shi faɗar wanda ya ba shi umarni, amma na ga ya sunkuya yana gyara igiyar itacensa. Na taya shi ya ɗora kayan a ka, ya yi mini sallama, ya nufi cikin kasuwa.